Ranar da Munka Naɗe Buzun Malam Buba

Ina zaune rumfar tashar Wurno da hantsi, motar albasa ta iso daga Goronyo. Direban bai ko kashe inji ba, ya sauko ya durƙusa gabana ya ce, "Baba Mamman, sai haƙuri. Malam Buba ya cika jiya da la'asar." Na ce daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ya tsaya yana jiran in ƙara wani abu, don kowa ya san tare munka taso cikin harkar mota. Ban ƙara ba. Shekara goma sha ɗaya ban taka zauren mutumin nan ba, kuma ba nisa ya hana ni ba.

Ga wanda bai san shi ba, Malam Buba Bafillace ne daga wata ruga wajen Boyekai. Ya aje sandar kiwo ya kama sitiyari tun zamanin da mutane ke faɗawa daji in sun ji ƙugin mota. Tuƙinsa ma irin na makiyayi ne, a hankali, yana yi wa motar magana kamar saniya. In ya gamu da ayarin jakai sai ya tsaya cak har su wuce. Yakan ce, "Su munka iske bisa hanyag ga."

Da ƙungiyar direbobi ta iso lardinmu daga kudu, da katinta da littafin dokokinta, anka ce kowane yanki ya fidda kwamiti. Mu bakwai munka zama na Wurno da Rabah da Goronyo, shi ne shugaba. Ofishinmu gindin wata tsamiya ce a tasha. Kowa da buzunsa, kuma wanda anka tsige, buzun ake naɗewa a miƙa masa. In ana shari'ar direbobi, Malam Buba ba ya bari a katse mutum. "Ku bar shi shi ƙare," in ji shi, "ko ƙarya ta, ta fi daɗin kamu in ta cika."

Wata damina Bature ya kafa doka: duk motar da anka iske bisa hanya bayan ruwa, a karɓe lasin direbanta, ko da tsakiyar daji ruwan ya same shi. Manyan ƙungiya sunka aiko takarda, kada mota ko ɗaya ta motsa sai an janye dokar. Motocin lokacin da ƙarfe ake murɗa su ta gaba su tashi. Malam Buba da bakinsa ya ce kowa ya kawo ƙarfensa a kulle a ɗakin tasha, wanda kuma ya ɗauki nasa ya fita ƙungiya. Nasa ya fara azawa, mabuɗi na aljihunsa.

Rana ta huɗu da tsayawar motoci, matata Kulu tana kwana na biyu bisa gwiwa, ungozoma ta ce abin ya fi ƙarfinta, sai asibitin Sakkwato. Ina da mota. Ina da hannu biyu. Amma na tafi wurin Malam Buba, na ce in na fidda tawa an gama da ni. Ya dube ni, ba da daɗewa ba, ya ce, "Tai ka yi mata shimfiɗa bayan tawa."

Da azahar tsaka ya ratsa kasuwar Wurno, kowa na kallo. Kulu na ƙarƙashin tamfol. Ni ma, ɗan kwamiti guda, ina ƙarƙashinsa kwance kamar buhun gyaɗa don kada a gan ni. Allah Ya sauke ta lafiya. Kafin mu dawo, gari ya gama yanke cewa kayan kamfanin Turawa ya kai a ɓoye.

Washegari anka zauna gindin tsamiya. Ɗan'ige, magatakardanmu, shi ya riƙa tambaya.

"Malam Buba, mi kaɗ ɗauka?"

"Kaya."

"Kayan wa?"

"Na mai su."

"To mai su ba shi da suna?"

"Shina da. In ya so shi faɗi."

Bai juyo wajena ba, ko da wutsiyar ido. Na san dalili. Mutum irinsa ba zai ambaci naƙudar matar aboki cikin taron maza ba, kuma ya san in ya ambata, buzu biyu za a naɗe. Ya bar mani fili in yi magana. Mutumin da bai taɓa katse kowa ba ya jira ni, ni kuwa ina ta gyaran rawani.

Littafin ƙungiya ya ce a ɗaga hannu. Biyar sunka ɗaga. Na kai nawa daidai kunne, yadda in an tambaye ni zan ce susa nake. Ɗan'ige ya ƙidaya shida, ban musa ba. Malam Buba bai bari an taɓa buzunsa ba, shi ya naɗe abinsa. Ya ce, "Doka ni na kawo ta, ni na taka ta. Daidai kunka yi." Ya miƙa mabuɗi ya tafi.

Bature ya janye dokarsa, anka yi ta yabon kwamitinmu. Ɗan'ige ya zama shugaba, ni mataimaki. Wanda ya fita ƙungiya ba shi da layin lodi a tasha, don haka Malam Buba ya saida mota ya koma Goronyo noman albasa. Duk ranar kasuwa ina bi ta ƙofar gidansa, sai in matsa oda in ƙara wuta.

Ranar addu'ar uku na tafi. Bayan an shafa, na ce a ba ni minti guda, na faɗi wannan magana duka gaban ɗiyan mamacin da sauran 'yan kwamiti da ke raye. Ɗan'ige ya rufe fuska da hannun riga. Ba wanda ya zage ni, kuma da an zaga da na fi jin sauƙi. Sai muryar maiɗakin Malam Buba, Inna Hajjo, ta fito daga bayan zana.

"Mamman, kai na? Wanga zance ai ya daɗe da yafe shi, bai ko son a tada shi. Abin da ya dame shi daban na. Kowace ranar kasuwa sai ya ce in dama fura ƙwarya biyu, wai kila yau ka tsaya. Ɗaya nike maidowa."

Abin da ya rage mani shi ne in rubuta, duk direban da ya ji an ce Malam Buba ya ci amanar ƙungiya ya san kayan da ya ɗauka, ya san kuma mai su.

Allah Ya jiƙan Malam Buba, Ya yalwata masa kabari, Ya rufa masa asiri gobe kamar yadda ya rufa nawa. Allah Ya ba Inna Hajjo da ɗiyanta haƙuri, Ya tsaya masu, Ya haɗa su da abokan da sunka fi ni. Ni kuma Ya gafarta mani, Ya ba ni fuskar da zan gaishe shi da ita. Amin.