Numfashin Ladan Sulle

A wani ƙauye na mazaɓar Kurugu, ba wanda bai san muryar Ladan Sulle ba. Mutum ne ɗan firit, amma in ya dafe kunnuwa ya ja kiran salla, har masu roron gyaɗa a bayan gari sai sun ɗago kai. Shi ma ya san da haka, don ba ya rasa 'yar taƙama. Matarsa Barira takan tsokane shi: "Malam, da hannunka ya kai maƙogwaronka ƙarfi, da rumbu uku gare mu."

Ya haura hamsin aka gano yana da ciwon suga. Ya bar shayi mai zaƙi, ya sayi takalmin roba don gudun ƙaya, tunda kowa ya ce masa ƙafa da ido cutar ke ci. Ba wanda ya ambaci ƙirji. Sannu a hankali abin da yake ja da numfashi ɗaya ya koma sai biyu, wani lokaci tari ya katse shi. Barira ta ce sanyi ne, ta yi ta turara shi da saiwoyi, hayaƙin ya ƙara shaƙe shi. A asibiti a Karaye aka ba shi wani bututu ya hura. Likita ta ce huhunsa ya rage ƙarfi, sugan da ya daɗe yana hawa yakan taɓa huhu ma.

"To, zai dawo?" in ji Sulle.

"Baba, sai dai mu lallaɓa abin da ya rage."

Liman da dattawa suka ji nauyin karɓe masa aikin da ya gada wurin mahaifinsa. Sai suka haɗu suka sayo lasifika, wai a rage masa wahala. Alheri suka nufa, bayin Allah, amma ai ba murya ya rasa ba.

Ran da aka ɗaura ta, da la'asar, ya kama kira. Ita kuwa lasifika ba ta san kara ba, ta kwashi hakinsa da kukan ƙirjinsa ta watsa wa gari. Barira na tsakar gida tana bakacen dawa, ta ajiye faifai, tausayi ya hana ta motsi. Shi ma ya jiyo hakin nasa yana dawo masa daga katangu. Ya tsaya a tsakiyar kira, ya waiwayi maƙwabcinsa da ke alwala.

"Malam Halliru, zo ka ƙarasa. Mutane na jira."