Gurgun Bayan Rumbu da 'Yan Tseren Ghana

A shekarar da aka sauke tutar Bature aka ɗaga mai baƙar tauraruwa, ni da gwiwa da tafin hannu nake tafiya. Shan-inna ya kama ni tun ina ƙarami. Zazzaɓi ne ya kwantar da ni, da na tashi sai ƙafafun suka ƙi tashi tare da ni. Gidanmu yana Zangon Tamale, kusa da mayanka, don Babana Salifu mahauci ne. Sunana Awudu, ni ne ɗan fari.

Duk gidan nan mutum ɗaya ce take dariya da ni, ita ce Kaka Ladi, wadda ta haifi Mma, uwata. Daga Salaga ta dawo wurinmu bayan mijinta ya rasu. Ƙuli-ƙuli take soyawa. Bayan magariba sai ta hura itacen kaɗanya, ta ɗora kasko, mu yara mu kewaye murhun, ni da ƙanwata Memuna da 'ya'yan maƙwabta. Gutsattsarin ƙulin namu ne, amma nawa ya fi girma, kuma kowa ya sani. Idan na rarrafo sai ta ce, "A ba angona hanya! Kai wannan miji, kullum sai ka makara, wa za ta aure ka in ba ni ba?" Daga nan sai ta goge hannu ta buɗe tatsuniya ta ce, "Ga ta nan tafe, gidan wa za ta sauka?" Mu kuwa mu haɗa baki, "Ta sauka a namu!"

Sai na yi muku bayanin wani abu, don 'yan yanzu da suke cin tuwo kwano ɗaya da surukansu ba za su gane ba. A zamaninmu suruki da surukarsa ba sa haɗa ido. Idan Baba zai shigo gida sai ya yi gyaran murya a zaure, Kaka ta ja mayafi ta shige ɗaki. Gaisuwa ta bayan zana ake yi, shi a durƙushe. Sunansa kuwa ba ya fitowa daga bakinta, sai dai "maigidan nan". Mma ita ma kunyar ɗan fari ta ɗaure ta. Ba ta kiran sunana, ba ta shiga maganata. Ko faɗuwa na yi a gaban mutane sai ta kau da kai, ko da yake in babu kowa takan zauna ta mulke min ƙafafu da man kaɗe, hawayenta na ɗiga a kansu.

Ana cikin haka wani mutum mai suna Ɗanjuma ya fara zuwa zauren Baba. Aikinsa tara guragu, ya kai su Kumasi su zauna a bakin kasuwa suna miƙa hannu. Wata rana ina rarrafe a gindin zana na ji Baba yana ce masa, "To, kasuwa mai zuwa ka zo ka tafi da shi. Yaron da ba zai iya danne ko akuya ba, me zan koya masa? In na mutu wa zai riƙe shi? Gara ya saba da neman na kansa cikin 'yan'uwansa." Ba mugu ba ne Babana, Allah ya jiƙansa. Amma wallahi ranar nan na ji kamar ni ne aka kayar a mayanka.

Na daina cin abinci. Da safe 'yan makaranta suna wucewa ta ƙofar gidanmu suna koyon maci da ƙananan tutoci, suna ihun "Firidom! Firidom!", wato 'yanci, ni kuwa ina bayan ɗaki na rungume turmi ina ƙoƙarin miƙewa. A tunanina idan Baba ya gan ni a tsaye ko sau ɗaya ne zai fasa. In ɗago, in faɗi. In sake ɗagowa, turmin ya bi ni mu faɗi tare. Har leɓena ya fashe. Kaka ta same ni a haka, ba ta yi min tsiya ba ranar, ta dai sa bakin zanenta ta goge min jinin.

Babu inda tsohuwar nan ba ta je ba. Ta je wurin matar liman, ta je gidan Sarkin Fawa, ta je wurin wani tica da yake bin gida-gida yana rubuta yara makaranta. Tica ya ce shi zai karɓe ni, karatu a zaune ake yi, amma sai uba ya yarda. Sauran duk magana ɗaya suka ba ta: ɗa na ubansa ne, ke kuwa baƙuwa ce a gidan. Ta dawo ƙafa duk ƙura, ga kasuwa gobe.

Da maraicen nan sai na ga ta ja kujerarta nesa da murhu, ta kai ta har jikin zanar da ta raba tsakar gida da zaure. A ɗaya gefen Baba yana zaune yana wasa wuƙaƙensa kamar kullum, muna jin ƙarar dutsen. Ta buɗe tatsuniya da murya mai ƙarfi, irin wadda ba ta taɓa yi mana ba.

Ta ce an yi wata ƙasa da fari ya ci, rijiya ɗaya ce ta rage, a ƙofar wani babban sarki. Sarkin ya kafa doka: kowace shekara kowane gari ya aiko saurayi ɗaya a yi tsere zuwa bakin rijiyar. Garin da ɗansa ya taɓa bakinta kafin rana ta faɗi, zai sha ruwa shekarar nan. Garin da bai aiko kowa ba, sai dai ya mutu da ƙishi. To akwai wani ƙaramin gari da annoba ta kwashe samarinsa kaf, saura ɗaya, gurgu, wanda ubansa ya ɓoye a bayan rumbu don kada baƙi su gan shi. Dattawan garin suka taru suka ce, "Mu aika gurgu cikin masu ƙafa? A yi mana dariya? Gara a ce ba mu zo ba."

Memuna ta ce, "Kaka, ai ƙishi zai kashe su!"

"Zai kashe su mana," in ji Kaka. "Amma kin san manya, sun fi tsoron dariya a kan ƙishi."

Ta ci gaba. Ta ce gurgun yana jin duk abin da ake faɗa, yana ta kiran ubansa, "Baba, buɗe min, ko da rarrafe ne zan je." Rana ta ɗaga, sauran garuruwa sun jera 'ya'yansu, an fara kaɗa ganga. Uban yana tsaye a bakin rumbu, hannunsa a kan ƙyauren.

Nan ta yi shiru. Muka jira. Man gyaɗa yana ta ƙonewa a kasko ba ta ko waiwaya ba.

"Sai me, Kaka? Ya buɗe?"

"Ban sani ba," ta ce, ta juya fuskarta ga zana. "Sauran ba a bakina yake ba. Yana hannun mai riƙe da ƙyaure."

Ƙarar wuƙa ta tsaya cak. Na kasa kunne. Can sai muryar Baba ta ratso zana, ba da kowa yake ba: "A kwantar da yara. Gobe akwai sammako." Dutsen ya ci gaba da kuka.

Shi ke nan, na ce a raina, an gama da ni. Na kifa kai a ƙasa. Sai na ji kujera ta faɗi. Kaka ce ta miƙe. Mayafinta ya zame ba ta ɗauka ba, ta zagaya zana kai babu ɗankwali, ta tsaya a kan Baba.

"Salifu!"

Mma ta saki ƙwarya ta ce, "Innalillahi! Mma, ki rufa mana asiri!" Matan maƙwabta har sun leƙo ta katanga.

"Salifu, ɗago ka dube ni. Na yi maka magana irin ta mutane ka ƙi ji, to ga ta irin ta mahaukata. Ban ce yaron nan zai zama wani abu ba, ban sani ba, ni ba Allah ba ce. Amma naka ne. Ba za a loda shi a lori kamar buhun doya ba ina numfashi. Ka kai shi wurin tica. In ya kasa, ya kasa a gaban idonka."

Baba, ƙaton mutumin da yake kayar da bijimi shi kaɗai, ya zube a gwiwa, goshinsa kusan a ƙasa. Ya ce, "Na ji."

Da asuba Ɗanjuma ya zo, Baba ya sallame shi daga zaure. Ina murna na rarrafa ɗakin Kaka in gaya mata, sai na tarar ta ɗaure kayanta, har da kaskon suya. Babu wanda ya kore ta. Amma matar da ta tsaya kan surukinta kai a buɗe ta kira sunansa a gaban unguwa, ba ta sake kwana a gidansa. Shi ba zai iya shigowa ba, ita ba za ta iya fitowa ba. Ta san da haka tun kafin ta tashi daga kujerar. A lokacin hanyar Kumasi ta Salaga take bi, don haka lorin da aka ce zai ɗauke ni, ita ya ɗauka.

Na riƙe zanenta ina kuka. "Kaka, ba ki ƙarasa ba. Ya kai rijiyar?"

Ta ɓamɓare yatsuna ɗaya bayan ɗaya. "Kai dai anya miji ne? Kuka a gaban mata? An buɗe masa, ango. Iyakar abin da na sani ke nan."

Ban sake ganinta ba. Bayan 'yan damuna aka aiko cewa ta rasu, kuma babu mai ɗaukar gurgu zuwa ta'aziyya. Baba ya riƙa ɗora ni a bayan kekensa yana kai ni makaranta kafin ya wuce mayanka. Ban yi nisa ba, kaina ba na boko ba ne. Na koyi gyaran rediyo, da shi na yi aure, da shi na aurar da 'ya'yana. Murhun gidanmu kuwa bai sake tara yara ba, Mma ba ta iya tatsuniya ba.

Yanzu na tsufa, ina zaune a unguwar Jisonayili nan Tamale wurin ɗiyata, ina da 'yar rumfa a bakin titi inda samari suke taruwa, wai suna taya ni hira, alhali cajin waya suke yi. Kwanaki aka ce Ghana ta tura 'yan wasanta naƙasassu gasar duniya a ƙasar waje, guragu da makafi da masu hannu ɗaya. Kai, na sa abin nan a raina fiye da kima! Kullum kunnena yana jikin rediyo, har ɗiyata ta fara yi min faɗa a kan abinci. Ina roƙon Allah ko tagulla ce guda ɗaya su kawo, in sami abin da zan nuna wa mutane. Aka gama gasa, mai labarai ya karanto sakamako. Ba zinariya, ba azurfa, ba tagulla. Hannu rabbana suka dawo.

Ba zan ɓoye ba, abin ya yi min ciwo, na kashe rediyon na zauna kamar an yi min mutuwa. Sai wani yaro mai tuƙa adaidaita, Fuseini, ya kwashe da dariya yana kallon wayarsa, ya ce da Hausarsa ta ɗan koyo: "Maigida, su ma mene ya kai su? Duba wannan yarinya, kowa ya gama shi yana baya. Kunya kawai! Gara a ce Ghana bai je ba."

Na ce, "Fuseini, miƙo wayar nan kafin in ci mutuncinka."

Tseren keken guragu ne. Ga 'yan wasu ƙasashe a kan kekuna masu sheƙi sun wuce kamar iska. Can baya ga tamu, da tauraruwa a ƙirjin rigarta. Sauran sun gama har suna rungumar juna, mai ɗaukar hoto ma ya manta da ita, sai daga baya ya juyo. Tana nan tana turawa, kanta a sunkuye, kafaɗunta suna rawa. Ta zo ta haye layin. Ita ce ta ƙarshe, amma ta haye.

Shekara da shekaru ina jin haushin Kaka a ɓoye, ina cewa ta tafi ta bar ni da rabin tatsuniya. Ashe ba rowa ta yi min ba. Ba ta yi wa Baba alkawarin zan ci tsere ba, don ba a kan ci take faɗa ba, a kan a fito da ni ne. Yarinyar nan ma ba daga sama ta faɗo filin ba. Na tabbata a gidansu an taɓa cewa gara a ɓoye ta, wani kuma ya tashi ya ce a'a, kuma Allah kaɗai ya san abin da ya rasa saboda haka. Rediyo lambobin yabo yake faɗa, ba ya faɗin wannan.

Na mayar wa Fuseini wayarsa, ya ga fuskata, dariyar ta ɗauke. Ya ce, "Baba Awudu, ka san shi ne?" Na ce masa na san kakarta. Ya ɗauka ruɗewar tsufa ce, na ƙyale shi.

Abin da yake cin raina shi ne, yau ga ƙarshen tatsuniyar a hannuna, gurgun ya kai bakin rijiya, ina so in je Salaga in durƙusa in gaya mata. Amma duk waɗanda suka binne ta sun mutu, ni kuwa ko inda kabarinta yake ban sani ba.