Armuwar Mai Haske a Ɗakin Taubashiyata

Bara likitan asibitin Magarya ya sa aka fitar da wata armuwar ta ƙarfe, wato kabad, daga ɗakin awon jini, aka shafa mata jan fenti, aka jingine ta bayan katanga. Kawuna, mai gadin asibitin, ya ga abu mai ƙofa biyu a yashe, ya ɗauka an gaji da ita ne. Ya ɗora ta a amalanke ya kai wa 'yarsa, taubashiyata.

Ta wanke ta da toka, ta jera kwanukanta ciki. Ni kuwa kayana duka a ƙwarya guda suke. Abin da ya ƙara kashe ni, idan aka rufe ƙofar ɗaki, ko da tsakar rana ne, sai kusurwar armuwar ɗin ta yi wani haske kore-kore. 'Yan matan unguwa suka tare can kamar ana rabon nama.

"Baiwata, zo ki kalla, amma kar ki taɓa," in ji ta. "Hannunki kaushi gare shi."

Kwana uku tuwo bai wuce mini ba. To, kwana ɗaya ne, amma ya yi tsawon uku. Na tare anfirme, ma'aikacin jinyar asibitin, a hanyar kasuwa, na ce masa kayan asibiti na haske a gidan Kawu. Burina kawai a ƙwace.

Ashe kwalbar wani gari wai shi radiyom ce ta fashe a ciki, ana jiran a zo daga Damagaram a ɗauke ta. Anfirme ya ce garin yana cin ƙashin mutum a hankali, ba a ji. Ni kuwa ban nufi har haka ba.

Bayan kwana biyu wani nasara ya zo da ƙaramin akwati. Da ya kai shi kusa da armuwar, sai akwatin ya hau ƙas-ƙas kamar ana suyar gyaɗa. Aka tona rami mai zurfi a daji, aka binne ta da kwanuka da tabarma, aka zuba siminti. Kawu sai faɗi yake, "Wallahi a yashe na gan ta, ranka ya daɗe."

Na shirya dariyata tsaf. Sai nasara ya auna hannuwan taubashiyata, ya ce dole a duba ta a Damagaram. Aka sa ta a gaban kamiyo, babbar mota guda, ita da ba ta taɓa hawa abin da ya wuce jaki ba. Ni da na ceci ranta na miƙa nawa hannun, akwatin ya yi gum kamar bai san ni ba.

Bayan mako guda ta dawo lafiya lau, har da sabbin kwanuka. Yanzu da ta fara "Mu da muka je Damagaram," sai in ɗauki tulu in nufi rijiya.