Ƙofar Bayin da Na Auna da Hannu

Ni ɗan mai atamfa ne, jikan mai atamfa, kuma har gobe a shagon atamfa nake neman abinci. A zuri'armu kaf ba wanda ya taɓa ɗaukar guduma sai in za a fasa kanwa. Na faɗi wannan tun yanzu don kada wani ya ce na ɓoye masa.

Shekara goma sha ɗaya ni da matata muna haya a ɗaki ɗaya a unguwar Tiendpalogo. Duk zuwan da mahaifiyarta za ta yi daga Maraɗi, yini kawai take yi a wurinmu, kafin magariba ta wuce gidan ƙanenta a unguwar Ouidi, don ba mu da inda za mu shimfiɗa mata. Matata ba ta taɓa yi mini ƙorafi ba, amma na sha ganinta a bakin ƙofa tana bin moton da ya ɗauki tsohuwar, wato babur, da kallo. Abin yana cin ta, ni ma yana ci na.

Da Allah ya hore mana ɗan gida a Zongo, ɗaki biyu da tsakar gida, matata ta buga wa uwarta waya tun ba mu gama kwance kaya ba. Tsohuwar tambaya ɗaya ta yi: bayin yana da ƙofa? To ba shi da ita. Bangon tubalin laka ne a kusurwa, an rataya masa buhun shinkafa. Ta ce ita da girmanta ba za ta tsuguna a bayan buhu ba, in ba ƙofa Ouidi za ta kwana kamar kullum. Saura kwana huɗu ta iso.

Maƙwabcina kafinta ne, Bamoshe mai haƙuri. Ya ce zai yi mana. Na ce a'a, gidana ne, da hannuna zan yi. Ya miƙo mini metir ɗinsa na awo ta kan katanga, na mayar masa. Ni da nake auna yadi daga hanci zuwa yatsa tun ban yi gemu ba, wani ɗan zaren ƙarfe ne zai koya mini awo?

Na auna faɗin wurin, kamu biyu. Sai na ƙara yatsa huɗu. Wallahi ban san na ƙara ba, hannun ne ya yi abinsa. Mahaifinmu ya sha dungure mana kai a kan wannan: ba a yanka wa mutum atamfa cif-cif, sai an yi masa gyara. Na je Dapoya wurin mai katako, ashe mutumin Tawa ne, ya san mahaifina. Da ya zo yankawa ya matsar da zarto gaba, ya ce wannan kuma albarkacin Alhaji. Na yi godiya har da dafa ƙirji.

Kwana biyu ina buga ƙusa, rabi a katako, rabi a babban yatsana. Ƙofa ta fito zankaɗeɗiya, mai nauyin tsiya. Na kinkime ta zuwa bakin bayi, ta ƙi shiga. Ta fi wurin faɗi da taƙi guda har da ɗoriya.

Matata ta ce, "Malam, ka rage katakon mana."

Rage katako? A gidanmu ƙyallen da bai kai tafin hannu ba ma matashin kai ake cusa wa. Sannan mutum ya yi mini kyauta don darajar ubana, ni kuma in sa zarto in zubar? Na ce mata bangon za a rage, ai ƙasa ce, ba sayen ta aka yi ba. Ta dube ni, ta dubi bangon, ta koma wurin tukunyarta.

Na ari diga. Na sassaƙi wannan gefe, na sassaƙi wancan, na kafa itace biyu da siminti, na ɗaura ƙofa. Ta buɗe, ta rufe. Na buɗe ta ya fi sau ashirin don daɗi. Da hantsin ranar da tsohuwar za ta iso, na ga wani ɗan tudu a jikin bango yana gogar ƙofa, na ce bari in ɗan taɓa shi. Sau ɗaya na taɓa. Bangon gaba ya yi wani nishi, ya zauna kamar tsohon da ya gaji da tsayuwa, ya jawo na gefe suka tafi tare. Da ƙasa ta lafa, sai ga ƙofata tsaye ƙyam ita kaɗai, ga ramin bayi yana kallon sama.

Kafinta ya leƙo ta kan katanga. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce ƙofar dai ta yi kyau. Na ji kamar in jefe shi da tubali.

Na jira faɗa daga matata, faɗa bai zo ba. Ta zauna a kujera 'yar tsuguno, ta ɗauko waya, ta ce a hankali, "Bari in kira Kawu ya share mata ɗaki." Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Na ce ta ba ni zuwa la'asar. Na hau moto na tafi shago, na ciro turmi biyu na atamfar da nake ɓoye wa masu aurar da 'ya'ya, shuɗiya mai zanen tsuntsaye. Na kafa gora huɗu, na ja igiya, na ninka atamfar biyu don kada rana ta nuna inuwar mutum, na ɗinke ƙasan da duwatsu a ciki saboda iska. Wannan kam aikina ne, ko yatsa ɗaya bai ƙaru ba, bai ragu ba.

Tsohuwar ta iso, aka gaisa, ta sha ruwa, jakarta tana nan a tsakar gida ba ta bari an taɓa ba. Sai ta ɗauki buta. Ta tsaya gaban ƙofar katako da tsuntsaye kewaye da ita. Ta ja ƙofar, ta shiga, muka ji ta sa sakata.

Da ta fito ta murza atamfar tsakanin yatsunta.

"Wa ya yi ƙofar?"

"Ni ne, Inna."

"Wa ya rushe bangon?"

"Shi ma ni ne, Inna."

Ta gyaɗa kai, ta ce sannu da aiki. Ta tsuguna ta yi alwalarta a natse, mu kuma muna tsaye kamar masu jiran alƙali. Da ta wanke ƙafar hagu ta miƙe, ta dubi 'yarta.

"Ke, a rana za ki bar mini jaka? Wanne ne ɗakin nawa?"

Matata ta sunkuci jakar ta yi gaba, tana nuna mata hanya da baki, don ɗaya hannun yana goge ido.