Cokalin Auta

Autanmu na gama sakandare ya ce shi gyaran famfo zai koya. Yaro mai hannu, wallahi! Wata bai cika ba maigidansa ya fara bar masa haɗa bututu shi kaɗai.

Baba kuwa aikin ofis ya so masa. Wata rana Auta ya dawo daga aiki, ya wanke hannu da sabulu, ya zauna gaban tire tare da mazan gida kamar kullum. Baba ya dubi hannun nan, ya tuna an ce yau masai suka gyara a wani gida.

"Ku kawo wa injiniyan masai cokali," in ji Baba.

Kowa ya yi dariya, har Auta. Ya ɗan taɓa abincin ya tashi. Tun daga ranar a shagon maigidansa yake ci, daga baya ma can ya koma kwana.

Abin ya dami Baba, amma bakinsa ya yi nauyin ba ɗansa haƙuri. Sai ya ɗauki sifana ya kwance kan famfon tsakar gida, ruwa na ta feshi, ya ce a kira yaron.

Auta ya zo, ya durƙusa ya gaishe shi, ya ɗaure famfon.

"Baba, wannan kwance shi aka yi."

"Yaran maƙwabta ne. Zauna mana, an kusa sauke tukunya."

"Oga na jirana, Baba."

Baba ya raka shi har ƙofa, abin da bai taɓa yi wa ɗa ba. Ya tsaya nan yana kallonsa har ya sha kwana.