Amawalin da na sauke da tarho

A shekarar da aka rufe ramin haƙar yuraniyam na Akokan ina ajin ƙarshe a lise, wato babbar sakandare, a Arlit. Ni ɗan Maradi ne, mahaifina yana sayar da hatsi a kasuwar Arlit. A lokacin kaina a kumbure yake, domin yayana ya dawo daga haƙar zinariya a Tchibarakaten ya ba ni tarho mai kamara mai kyau, har ƴan ajinmu suna kirana mai fim. Ina rubuto muku ne don abin da na aikata da tarhon nan har yau yana tafasa mini zuciya.

Ina da aboki Ba'abzine mai kaɗa gita. Ya yi waƙa a kan mahaifinsa, wanda ya tsufa yana tuƙa mota a cikin ramin, aka rufe, ya dawo gida da tari. Mushenmu, wato malamin ajinmu, ya ce mu yi wa waƙar bidiyo don bikin ƙarshen shekara. Ni na tsara komai. Na ce za mu fara daga nesa da tudun ƙasar da aka tono, sai gidajen ma'aikata da suka zama kango, sai in kwanta a ƙasa in ɗauko abokina daga ƙasa yana tsaye a kan tsohuwar mota, don ya yi girma. Na ce mu rufe da fuskar baban, kusa-kusa, babu rawani, duniya ta ga abin da rami ya yi masa.

Abokina ya yi dariya, ya tambaye ni ko rana ce ta taɓa mini kai. Ya ce dattijonsu ba ya sauke amawali, wato gefen rawanin da ke rufe baki, a gaban mutane, balle a gaban surukansa. Baban da kansa ya yarda in ɗauke shi da rawaninsa, har ya zolaye ni cewa in ido bai ishi Bahaushe ba, to ya sayi tabarau. Mutumin nan ɗa yake kirana. A gabana yake jan amawalin ƙasa ya kurɓi shayi, saboda bai ɗauke ni baƙo ba.

Wannan amanar na ci. Wata rana da la'asar muna zaune yana dafa shayi, na jingine tarhon a jikin gwangwanin sukari, na bar shi yana ɗauka. Ya sauke amawali, ya kurɓa, tari ya sarƙe shi, bakinsa da babu haƙora ya fito fili. Da na zo haɗa bidiyon sai na jawo hoton kusa, na rage masa gudu, na sa shi a ƙarshe. Abokina kuwa na nuna masa wani dabam. Ku duba rashin kunya irin tawa!

Ranar biki aka haska shi a bangon lise. Kakan abokina na wajen uwa, surukin baban ke nan, yana zaune a gaba tare da ƴaƴansa. Da fuskar ta cika bango sai tsohon ya sunkuyar da kai, suka miƙe suka fita. Wasu yara suna ta kwaikwayon tarin suna dariya. Mushe kuma ya riƙe hannuna yana cewa wurin nan ne ya fi ko'ina kyau. Har yau ina jin haushinsa, da na waɗanda suka ɗauka a tarhonsu suka yaɗa har Agadas, amma wanda na fi jin haushi shi ne ni, don na tsaya ina washe baki ana tafa mini. Abokina ya zo ya dube ni, ya ce ramin ma da ya cinye ƙirjin babansa bai taɓa kware masa rawani ba.

Na goge nawa, amma na hannun mutane ba ya goguwa. Baban ya daina zuwa majalisarsu. Mahaifina ya ja ni muka je ba da haƙuri. Dattijon ya karɓe mu, ya ce ya yafe, yaro ne. Ya zuba mana shayi. Da ya ɗauki nasa kofin, sai ya juya mini baya kafin ya sha.

Ku masu yawo da kamara, ku ji tsoron Allah. In mutum ya saki jiki a gabanka, ba izini ya ba ka ba, amana ya ba ka. Na samu hoton da nake so, aka tafa mini. Har dattijon nan ya koma ga Allah ina zuwa gaishe shi, amma ban sake ganin fuskarsa ba.