A-kori-kurar da ke tari da safe

Shekarun baya, lokacin da aka yi mini canjin wurin aiki zuwa Kaduna, na kama ɗan ɗaki a bayan wani gida a Unguwar Rimi. Iyalina na bar su a garinmu. Abin da na zo da shi kawai tsohuwar a-kori-kurar mahaifina ce, wadda ni da ita ban san wa ya girmi wani ba. Unguwar kuwa kowa yana bayan katangarsa. Sai in wuni in kwana ban yi magana da kowa ba in ba gaisuwar ofis ba, kuma abin yana ci mini rai.

Motar tana da wani hali. Da safe in na tayar da ita, sai ta hau jijjiga tana tari, in na ɗaga ƙafa daga totur ta mutu. Amma kafin in kai ta gareji ta yi zafi, ta koma lafiya lau. Bakanike ya saurara ya saurara, ya dube ni ya ce, "Oga, motar nan ta fi ni lafiya. Ciwon safe ne. Ka samu wanda zai riƙe maka totur da sanyin safiya, kai kuma ka buɗe bonet ka kasa kunne." Na ce to. Kunya ta hana ni gaya masa ba ni da wanda zan samu.

Tarin motar ne ya samo mini shi. Wata safiya wani dattijo maƙwabcina, ɗan fansho, ya leƙo ta get ɗinsa da carbi a hannu ya ce, "Malam, wannan baiwar Allah fulogi take so." Na ce, "Baba, ko za ka taimaka ka zauna mini a sitiyari?" Ko musu bai yi ba.

Daga nan kullum da safe muna tare. Muka canza fulogi, ba ta daina ba. Ya ce kafireta ce, muka wanke, tari na nan. Ni da ban san komai ba sai gyaɗa kai nake kamar babban injiniya. A tsakani yana ba ni labarin aikinsa na da, da matarsa da ta rasu. Gaskiya na fara ɗokin wayewar gari.

Rannan yana riƙe da totur na ji wani siririn huci a gefen inji. Na lalaba, na tarar da ɗan tiyon iska ya tsage. Na danne tsagar da babban yatsa, nan take injin ya daidaita. Ashe iska yake zuƙa ta nan tun inji na da sanyi. Muka yi ta murna, na sa sabon tiyo. Baba ya kakkaɓe hannu ya ce, "To alhamdulillahi, mun gama."

Washegari motar ta tashi bugu ɗaya, ba jijjiga ba tari. Na zauna a ciki ina kallon get ɗinsa, bai buɗe ba. Shi ba zai fito babu dalili ba, ni kuma nauyi ya hana ni ƙwanƙwasa ƙofar dattijo ba tare da wata buƙata ba. Muka koma ɗaga wa juna hannu daga nesa.

Bayan wasu watanni ɗansa ya zo ya roƙe ni in kwashe musu kaya zuwa Katabu, can Baba zai koma da zama. Baba ya shiga gaba kusa da ni, na murza makulli. Ya saurara ya ce, "Ka ji ta, ko tari babu." Muka wuce Kawo, muka miƙe hanyar Katabu.

Har yau abin yana yi mini ciwo. Ni da shi duk muna son hirar nan, kowa yana jiran dalili. Na sauke masa kaya, ya yi mini addu'a, na juyo ni kaɗai, kuma ban sake ganinsa ba.